Su suna da dusar ƙanƙara, mu muna da ɗari: amfanin lokacin sanyi ga ƙananan yaran Adar

Duk shekara in watan Disamba ya kama, wayoyin mutanen Adar sukan cika da hotuna iri ɗaya. Ɗan uwa da ke Faransa, ko Beljiyam, ko Kanada, ko birnin New York, ya turo hoton ɗansa an ƙunshe shi cikin kayan sanyi kamar huhun goro, yana tsaye cikin wani farin abu da ya lulluɓe ƙasa da motoci da rufin gidaje. A miƙa wa tsohuwa waya ta duba, ta dafe ƙirji: "Wayyo jikana! Mi ya kai shi cikin wanga abu? Uwatai ba ta gida?"

Inna, kwantar da hankalinki, da gangan aka fitar da shi. A ƙasashen arewacin Turai irin su Finlan da Suwidin da Norwe, har jarirai ake shiryawa da kayan ɗumi a ajiye su waje cikin keken turawa su yi barcin rana. A Danmak kuwa, tun shekarun 1950 akwai makarantun ƙananan yara da ke wuni a daji, ko ana ruwa ko ana dusar ƙanƙara. Malamansu sun lura cewa wannan farin abu kayan koyo ne da ke saukowa kyauta. Yaro ya haƙa, ya dunƙula, ya gina, ya rushe. Ya shigo da dunƙule ɗaki ya ga ya zama ruwa, ya tambayi dalili. Ya zame ya faɗi, ya duba ya ga ba wanda ya firgita, ya tashi da kansa. Kafin ma ya fita sai ya daure ya sa safa da takalmi da hula da safar hannu ɗaya bayan ɗaya, wannan ma horo ne ga mai shekara uku.

Mu nan Madaoua da Bouza da Keita, ƙanƙarar da muka sani biyu ce: wadda ke zubowa da hadari ta kakkarya hatsi, da wadda ake sayarwa a kasuwa lokacin azumi. Amma muna da namu lokacin sanyi, daga ƙarshen Nuwamba zuwa wajen Fabrairu, kuma abin da yake yi wa yaro bai gaza na can ba. Sai dai mu ba mu cika ɗaukar shi da wata daraja ba. In an ce ɗari, mura da kaushi da faso kawai ke zo mana a rai.

Kai mai sanyi ya fi riƙe karatu

A yankin Tahoua, dare da asubar watan Janairu ma'aunin zafi kan sauka wajen digiri 15, wani daren ma ƙasa da haka, musamman a fadamu. Da rana ya tsaya wajen 30. Ku gwada da Afrilu da Mayu, lokacin da yake wuce 40 kusan kullum. Duk mushen da ya taɓa koyarwa a aji mai rufin kwano ya san bambancin: a Janairu yara na ɗaga hannu har ƙarfe goma sha biyu, a Afrilu kuwa tun ƙarfe goma kawuna sun fara zubewa bisa tebur.

An auna wannan abu a wani wuri. A shekarar 2020 an buga wani bincike a Amurka da ya duba sakamakon jarrabawar ɗalibai kimanin miliyan 10. Ya nuna cewa a makarantun da ba su da na'urar sanyaya ɗaki, in zafin shekarar karatu ya ƙaru da kamar rabin digiri, abin da ɗalibi ke koya a shekarar kan ragu da kusan kashi 1 cikin 100. Manyan ɗalibai aka auna, amma ƙaramin yaro jikinsa ya fi saurin ɗaukar zafi, ya fi saurin jin ƙishirwa. Ga kuma barci. Yaron da ya samu bargo ya kwana lafiya cikin sanyi yana tashi da kai sakayau, kuma cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana.

Sai ku haɗa da tsarin shekarar lakwal a ƙauyukanmu. Ana buɗewa a Oktoba, amma inda ajin zana ne ko na kara, sau da yawa sai an gama girbi an samu karan da za a kafa rumfa. Gwamnati da kanta ta taɓa ƙiyasta irin waɗannan azuzuwa wajen dubu 36 a faɗin Nijar. Da ruwan farko ya sauka kuma rumfa ta tafi. In aka cire farkon shekara, aka cire watannin zafi, abin da ya rage na karatu mai kyau shi ne wanga lokaci na ɗari. A nan ne kuma rumbu bai riga ya yi ƙasa ba, yaro na samun ɗumamen tuwo ko koko kafin ya fita. Uwar da ta ce "bari shi kwanta, sanyi ya yi yawa, gobe ya je", ta san tausayi, amma a cikin mafi albarkar kwanakin shekara take cire masa.

Bakin wuta

Babban abin da sanyi ke yi shi ne yana tara mutane wuri ɗaya. Lokacin zafi kowa neman inda iska ke kaɗawa yake, wannan a ƙofar gida, wancan a bayan rumbu. Da ɗari kuwa, bayan sallar isha'i ko da sassafe, an hura wuta da kara a tsakar gida, kaka na zaune, ƴan jikoki sun kewaye ta, ƙaramin yana kan cinya. Ba aikin gona, ba kowa ke sauri ba. Abin da ya rage sai magana.

Wata mai bincike ƴar Amurka, Polly Wiessner, ta daɗe tana zama da mutanen Ju/'hoansi na hamadar Kalahari, a Botswana da Namibiya. Ta kwatanta hirarsu ta rana da ta dare, ta buga sakamakon a 2014. Da rana yawancin zancen na neman abinci ne da ƙorafi da tsegumi, labari bai wuce kashi 6 cikin 100 ba. Da dare a bakin wuta, kashi 81 cikin 100 labarai ne. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, don mu har hana yara tatsuniya da rana ake yi.

Me ya sa wannan ke da nauyi ga ƙaramin yaro? Jariri na zuwa duniya da ƙwaƙwalwar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ta babba ba. Kafin ya cika shekara 5 ta kai wajen kashi 90 cikin 100. Masana a jami'ar Harvard sun ce a shekarun farko, jijiyoyin ƙwaƙwalwa na ƙulla sabuwar mahaɗa fiye da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, kuma abin da ya fi ƙarfafa waɗannan mahaɗai shi ne ba-ni-in-ba-ka tsakanin yaro da babba: ya yi gwaranci a amsa masa, ya nuna abu a faɗa masa sunansa, ya yi tambaya a ba shi amsa, a kuma jefa masa wata tambayar.

Ku dubi gatana da wannan ido. Mai bayarwa ba ta farawa sai yara sun amsa mata. In an zo waƙar da ke tsakiya, su ke karɓa. In ta yi kuskure da gangan, ta ce kura ce ta ci naman alhali jiya Gizo ne, sai ƴar shekara huɗu ta yi tsalle ta gyara mata. Yarinyar nan ta riƙe jerin abubuwa a kanta, ta san na farko da na biyu da na ƙarshe, ta san dalilin da ya sa abu ya faru. Wannan shi ne ginshiƙin da mushe zai ɗora karatu a kai in ta shiga aji ɗaya. Yaron da ya cika da kalmomin harshen uwarsa ya fi saurin kama wani harshe, Faransanci ne ko Larabci.

Ga kuma ɓangaren zuciya, wanda ni a ganina ya fi. In Dodo ya shigo cikin labari, yaro na jin tsoro na gaske, gabansa na faɗuwa. Amma yana jin tsoron ne jingine da jikin kakarsa, ga ɗumin wuta, ga yayyensa na dariya. Labari ya ƙare, Dodo ya mutu, shi kuma yana nan lafiya. Haka ake koyon cewa tsoro na zuwa ya wuce. A nan yake jin tausayin marainiya da kishiyar uwa ke wahalarwa, ya ji haushin zalunci, ya ga haɗamar Gizo ta kai shi ga kunya. Yaron da aka ba sunayen abin da yake ji, aka ce masa wannan tsoro ne, wannan kishi ne, wannan tausayi ne, ya fi iya faɗi da baki maimakon ya yi birgima a ƙasa.

Makarantar allo ma ta daɗe da sanin amfanin wanga lokaci. Kowane almajiri ya zo da ɗan karansa ko itace, a hura wuta, a kewaye ta da alluna, a yi na dare a yi na asuba. Tudun tokar da ake gani a ƙofar tsofaffin malamai shaida ce ta shekarun da aka yi ana haka.

Yau fa? An hura wutar, an zauna, amma hasken da ke fuskar kowa na waya ne. Yaya na kallon bidiyo, uwa na sauraron saƙon murya na ƙungiyar biki, ƙaramin ya leƙa nan ya leƙa can, ba mai ce masa uffan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Bidiyo na magana, amma ba ya jira yaro ya amsa.

Yashi, kara, laka, da dandali

Abin da ɗan Kanada ke yi da dusar ƙanƙara, namu na yi da yashin gulbi da ya bushe. In hantsi ya yi, rana ta ɗan ɗumama ƙasa, yaro na iya wuni waje ba tare da ta ƙona masa tafin ƙafa ba. Bayan girbi kara ya wadata: a yi mota, a yi gado, a yi tabarau. A kwaɓa laka a yi shanu da raƙuma da ƴan tukwane. Mai yin motar kara yana auna tsawo, yana daidaita ƙafafu huɗu, in ta karkace ya warware ya sake. Kar ku kore shi don ya ɓata riga.

A fadamar Tarka, daga Madaoua zuwa Sabon Guida, da garake na Majiya da na wajen Tamaske da Ibohamane, lokacin dashen albasa da ban ruwa ke nan. Yaron da ya bi uwarsa ko kawunsa garka yana ganin iri ya zama tsiro, yana bin ruwa da ido daga bakin injin har ya cika fangali. Ce masa ya ƙirga fangulan, ka tambaye shi wanne ya fi girma, me ya sa ganyen wannan ya yi rawaya. Amma a bambanta rakiya da aiki. Ɗan shekara biyar ba ma'aikacin garka ba ne, kuma a nisanta shi da bakin rijiya da kwalbar maganin feshi. In an dawo kuma, kada duk tumatir da karoti da zogala su wuce kasuwa, tukunyar gida ta samu rabonta.

Da dare in akwai farin wata, ƴan mata na gaɗa, samari na langa da kokowa. A Tahoua aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, kuma yawanci cikin sanyi ake neman takobi, shi ya sa kowane dandali ke cika da ƙananan ƴan kokowa a wannan lokaci. Ku tsaya ku kalli ɗan shekara shida da aka kayar. Idonsa ya kawo ruwa, ya dubi manya, ya haɗiye, ya kakkaɓe wando ya koma layi. Ba ƙaramin abu ya koya ba a wannan daren. Aikin babba shi ne ya haɗa tsara da tsara, ya kuma hana a yi wa wanda ya faɗi dariyar da za ta sa gobe ya ƙi fitowa.

Kujerar da ba kowa

Akwai abin da ba za mu ɓoye ba. Lokacin da sanyi ke tara gida, lokacin ne kuma mazan Adar ke ɗaure kaya. An gama girbi, sai biɗa: Najeriya, Abijan, Kamaru, Libiya, Aljeriya. Akwai ƙauyukan da in ka shiga a Janairu, tsofaffi da mata da yara kaɗai za ka tarar. Uwa ita ce daka, ita ce rijiya, ita ce itace, ita ce garka. In dare ya yi ba ta da sauran bakin gatana. Yaro kuma ba ya cewa "ina kewar babana". Sai dai a ga ya koma fitsarin kwance, ko ya cika kuka, ko ya manne wa zanen uwarsa, a yi ta yi masa tsawa.

Ƴan uwa da ke nesa, ga inda wayar nan za ta biya bashinta. In ka kira, bayan an gama zancen kuɗi da na buhun hatsi, ka ce a ba ka yaron. Kar ka tsaya ga "kana jin magana?" Tambaye shi abin da ya gina yau, wa ya kayar, akuya ta haihu? Ka yi masa gatana ta minti uku a saƙon WhatsApp, ka tsaya a tsakiya ka ce sai ya faɗa maka abin da Gizo zai yi kafin ka ƙarasa gobe. Zai saurara sau goma. Ka faɗa masa gaskiyar lokacin dawowarka da abin da zai gane, kamar "in an yi ruwan shuka", kar ka ce gobe.

An gwada irin wannan a ƙasarmu. Shirin tallafin gwamnati na Filets sociaux, wanda a lokacin yake ba mata jikka goma a wata, ya haɗa da tarukan koya wa iyaye yin magana da wasa da ƙananan yara da rage duka. Masu binciken Bankin Duniya sun bi sawun abin a jihohin Dosso da Maradi. Sun tarar iyaye sun sauya hali, kuma yaran sun ɗan fi natsuwa da iya zama da mutane. Tsawonsu da nauyinsu dai ba su ƙaru ba ta dalilin tarukan, don magana ba ta maye gurbin abinci da magani.

Sanyin da ke kisa

Duk abin da muka faɗa yana tsayawa ne in yaron na da lafiya, kuma ɗari na zuwa da nasa haɗari. Iskar hunturu na ɗauke da ƙura, tana busar da hanci da maƙogwaro. Mutanen Majiya sun san ƙarfinta, shi ya sa tun 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE suka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin don su tare ta, kafin aikin Keita ya biyo baya a 1984. Itatuwan sun kare gonaki, ƙirjin yaro kuwa sai riga da hula.

Mura ta saba, amma ku kula da numfashi. In yaro na tari, ku ɗaga rigarsa lokacin da yake kwance shiru, ku ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Daga wata 2 zuwa wata 11, in ya kai 50, ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60. In kuma ƙasan haƙarƙarinsa na shiga ciki duk lokacin da ya ja iska, ko ya ƙi nono, ko ya yi laushi, wannan ba na jiƙo ba ne. A kai shi CSI ko gidan likita mafi kusa a ranar. Tun 2006 doka ta ce duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Ko da wani lokaci sai an sayi magani a waje, zuwa da wuri ya fi arha. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura, alamar sanƙarau ce, wanda lokacinsa ke farawa da rani. Sabon haihuwa kuma a jinkirta masa wanka har ya kwana ɗaya, a manna shi da ƙirjin uwa fata da fata, a rufe su tare.

Sai wuta. Kaskon gawayi a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga yana fitar da wata iska marar wari marar launi da ke kashe mutum cikin barci, kuma yara ta fara kamawa. A fitar da kasko kafin a kwanta. Mai rarrafe kada a bar shi da wuta ko tukunyar ruwan zafi ko na ƙiftawar ido. In ƙuna ta faru, a zuba ruwa mai sanyi mai tsabta na wajen minti 20, ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da toka, sannan a tafi likita. Ba mu manta da ranar 8 ga Nuwamba 2021 ba, da gobara ta cinye azuzuwan zana a Maradi ta kashe yara aƙalla 25, watanni bakwai bayan irinta a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Bayan haka ne gwamnati ta hana sa ƴan makarantar renon yara a ajin zana. Inda har yanzu rumfar kara ce aji, kada a hura wutar jin ɗumi kusa da ita, kuma iyaye su je su duba ko tana da ƙofar fita fiye da ɗaya.

Ku kuma da ke ƙasashen ƙanƙara, in makaranta ta ce a kawo yaro da kayan fita waje, ku kai, kar ku roƙi a bar shi ciki. Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi ƙatuwa ɗaya, a rufe kai da kunne da yatsu, a cire masa duk abin da ya jiƙe da zarar ya shigo. Ku tambayi likitan yara zancen bitamin D, don baƙar fata ba ta samun isasshe daga raunanniyar ranar can. In ya dunƙula mutum-mutuminsa na ƙanƙara, ku sa shi ya yi wa kakarsa bayani da Hausa a saƙon murya, ita kuma ta sa ɗan uwansa na nan ya nuna masa motar karan da ya yi.